Maginin Manhaja, Tambayi Ma'adana Iyakarta Kafin Ka Zuba Mata Kayan Jama'a

A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta mamaye garuruwa da gonaki a masarautar Haɗejiya, na yi wa wata ƙungiyar matasa 'yan sa kai wani ɗan taimako wanda har yau nake jin kunyarsa idan na tuna. Matasan suna zagaya ƙauyuka a yankin Auyo da Kafin Hausa, wani wurin a babur, wani wurin a kwale-kwale. Suna ɗaukar hotuna da bidiyon gidajen da suka rushe da gonakin shinkafar da ruwa ya shanye, suna naɗar muryar magidanta, domin a haɗa jerin sunayen da za a miƙa wa masu kawo agaji. Wayoyinsu ƙanana ne, nan da nan suke cika, sabis kuma ba ya ɗaukar tura bidiyo. Sai na rubuta musu 'yar manhaja da yaren Python: a jona wayoyi da kwamfuta da dare, ta kwashe aikin ranar, ta dunƙule shi cikin fayil ɗin zip guda ɗaya, ta rubuta shi kai tsaye a kan filas, sannan ta nuna "An gama". Da ganin wannan saƙo sai kowa ya goge na wayarsa, ya samu wurin aikin gobe.

Kwanakin farko komai ya tafi daidai, saboda aikin yini bai da yawa. Ran nan sai rukuni da dama suka dawo a tare da aikin kwana biyu. Fayil ɗin ya yi ta girma har ya kai giga huɗu, nan ya tsaya cak. Filas ɗin mai giga 32 ne, kuma bai ko kai rabi ba. Abin da ban duba ba shi ne an tsara shi da FAT32, tsarin da ba ya karɓar fayil guda da ya haura bait 4,294,967,295 ko da kuwa akwai wuri fayau. Babbar manhajar kwamfutar ta yi nata aikin, ta dawo da saƙon kuskure. Ni ne na riga na umarci manhajata da ta tsallake duk wani kuskure ta ci gaba, don kada hoto ɗaya da ya lalace ya tsayar da aikin dare. Ta tsallake, ta nuna "An gama", matasan suka goge wayoyinsu.

Sai bayan kwanaki muka gano. Mun ceto abin da ya shiga kafin a kai iyakar, sauran kuwa ya tafi. Dole aka sake zagaye, kuma wasu magidanta sun riga sun bar makarantar firamaren da suka fake a ciki, ba a same su ba, sunayensu ba su shiga jerin farko ba. Laifin ba na filas ba ne, ba na matasan ba ne. Nawa ne, domin ban tambaya ba.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne: duk manhajar da za ta rubuta bayanan mutane a kan wata ma'adana, wajibi ne ta tambayi ma'adanar iyakokinta a daidai lokacin da take aiki, ba ta dogara da lambar da magininta ya haddace ko ya gani a kwamfutarsa ba. Kuma wannan wajibi ya fi nauyi a kanmu, mu da muke gina manhaja domin mutanen da bayanansu ke yawo a kan memorin waya mai arha, cikin harshen da ke da ɓ da ɗ da ƙ, fiye da yadda ya hau kan magini a Amurka ko Jamus.

Kowace ma'adana da dokokinta

Mai karatu ya san memori da filas da hadis a matsayin wurin ajiya kawai, bambancinsu girma da kuɗi. Amma a kan kowanne akwai tsarin ajiyar fayil, wato ƙa'idar da ke cewa ga yadda ake rubuta suna, ga inda ake aje abu, ga yawan abin da ya halatta. Windows tana amfani da NTFS. Yawancin kwamfutocin Linux suna amfani da ext4. Cikin wayoyin Android ana samun ext4 ko F2FS. Na'urorin Apple na yanzu suna kan APFS. Memori da filas kuwa, waɗanda su ne jakunan da ke ɗaukar mana kaya tsakanin waɗannan duka, galibi suna zuwa da FAT32 ko exFAT. Ƙa'idar ƙungiyar da ke kula da katin SD ta tanadi cewa kati mai sama da giga 2 har zuwa giga 32, wanda ake kira SDHC, ya zo da FAT32. Wanda ya haura haka, wato SDXC, ya zo da exFAT. To ka duba memorin da aka fi saye a shagunan waya na Haɗejiya ko Gumel ko Farm Centre ta Kano: mai giga 8 ne, da 16, da 32. Ma'ana, tsarin da Microsoft ta fitar a 1996 shi ne har gobe yake riƙe da hotunan bikinmu da karatun malamanmu da takardun gonakinmu.

Iyakar giga huɗu ita ce aka fi sani, amma ba ita kaɗai ba ce. Ga wasu da ke cizon mutane ba tare da sun gane abin da ya cije su ba.

Folda ɗaya a FAT32 tana da gurabe 65,536 ne kacal, kuma dogon suna ba gurbi ɗaya yake ci ba: kowane haruffa 13 suna cin gurbi guda, sannan a ƙara ɗaya na gajeren suna. Suna mai haruffa 40 yana cin gurabe biyar ke nan. Folda mai irin waɗannan sunaye za ta cika da fayil kimanin 13,000, ta ƙi karɓar ƙari, alhali memorin na nuna akwai wuri. Mai shagon turi da ke tara waƙoƙi da wa'azi a folda guda yana iya cin karo da wannan ya ɗauka memorin ne ya mutu.

Windows da FAT32 da exFAT ba sa yarda da wasu alamomi a cikin suna, daga ciki akwai ɗigo biyu na tsaye, da alamar tambaya, da tauraro. Linux kuwa ba ta damu da su ba. Idan manhajarka tana sa wa hoto suna da lokacin da aka ɗauke shi, kamar 14:30, za ta yi aiki lafiya a kwamfutarka mai Ubuntu, ta faɗi ranar da aka sa mata memori.

Tsarin ext4 yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Auyo.jpg da AUYO.jpg fayil biyu ne daban. A FAT32 da exFAT, da NTFS yadda Windows ke sarrafa shi a al'ada, suna ɗaya ne. Kwafe su zuwa filas, na biyu na iya danne na farko, babu ihu babu saƙo idan manhajar ba ta duba ba.

Akwai kuma tsawon cikakken adireshin fayil, tun daga tushe har zuwa sunansa. Tsofaffin manhajojin Windows da dama suna tsayawa a haruffa 260. Sai a Windows 10 ta 2016 aka buɗe hanyar wuce wannan, shi ma sai an kunna kuma manhajar ta nuna ta shirya. A Linux lambar da aka saba gani ita ce bait 4096, a macOS kuwa 1024. Ka jera jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, ƙauye, unguwa, sunan mai gida da na mahaifinsa, kowanne da foldarsa, za ka ga 260 ba ta da nisa.

Harafi daban, bait daban

Nan ne batun ya shafe mu kai tsaye a matsayin masu rubuta Hausa. Idan an ce iyakar suna 255 ce, sai a tambaya: 255 na mene? A NTFS da exFAT ana ƙirga ne da ma'aunin UTF-16, inda ɗ ko ƙ ke zama ɗaya kamar d ko k. A ext4 da F2FS kuwa bait ake ƙirgawa, kuma a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffan Ingilishi ne ke cin bait ɗai-ɗai. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bait biyu yake ci. Kalmar Haɗejiya haruffa takwas ce, amma bait tara. Kalmar ƙaiƙayi haruffa bakwai, bait tara. Alamar naira bait uku take ci. Fuskar dariya da matasa ke liƙawa a sunan bidiyo bait huɗu.

Ajami ya fi shan wahala. Kowane harafin Larabci bait biyu ne, wasu haruffan da aka ƙara daga baya domin ajamin Afirka suna cin uku-uku, kuma wasali ma ana ƙirga shi daban. Tunda ajamin Hausa da wasali ake rubuta shi, suna mai baƙaƙe sittin da 'yan kai yana iya cinye bait 255 gaba ɗaya. Suna mai haruffan Larabci 140 zai zauna lafiya a kwamfuta mai Windows, amma bait 280 ne, don haka ba zai shiga cikin wayar Android ko sabar Linux ba. Duk mai ɗaukar hoton tsofaffin takardun malamai yana sa musu suna da farkon rubutunsu ya kamata ya san wannan.

Maginin da ya ji an ce 255, sai ya rubuta umarnin "yanke suna a harafi na 255", bai magance komai ba. Wanda ya yanke a bait na 255 ba tare da lura ba kuwa yana iya raba ƙ gida biyu, ya bar rabin harafi a ƙarshen suna, wanda wata manhajar za ta nuna da alamar tambaya, wata kuma ta ƙi buɗewa. Kuma ko ita 255 ɗin ba ko'ina take ba: tsarin ɓoye bayanai na eCryptfs, wanda Ubuntu ta daɗe tana amfani da shi wajen kulle foldar mai kwamfuta, yana rage iyakar suna zuwa bait 143.

Yadda ake tambaya

Abin takaicin shi ne hanyar tambayar ta girme yawancinmu. Ƙa'idar POSIX, wadda ta fito a 1988 domin daidaita manhajojin dangin Unix, ta zo da kira biyu: pathconf, wanda ake ba shi adireshin folda ko fayil, da fpathconf, wanda ake ba shi fayil ɗin da aka riga aka buɗe. Ka ba shi wuri da sunan abin da kake son sani, ya ba ka amsar wannan wurin. _PC_NAME_MAX yana faɗa maka iyakar tsawon suna. _PC_PATH_MAX na tsawon adireshi ne. _PC_FILESIZEBITS yana nuna girman fayil da tsarin zai iya ɗauka. _PC_NO_TRUNC yana gaya maka ko dogon suna zai jawo kuskure ne ko za a datse shi a ɓoye. Masu tsara ƙa'idar sun san iyakoki suna bambanta daga wannan ma'adana zuwa waccan a cikin kwamfuta guda. A zamaninsu akwai tsarin Unix da ke tsayawa a haruffa 14. Shi ya sa suka halatta wa babbar manhaja ta ƙi rubuta tsayayyiyar lamba a inda abin ke canzawa, domin magini ya tambaya.

Ko ba ka rubuta manhaja, kana iya gwadawa a Linux ko macOS. Buɗe tagar umarni ka rubuta getconf NAME_MAX sannan adireshin folda. Sake yi da adireshin filas ɗinka, ka kwatanta. A Python kuwa os.pathconf ne ke yin wannan aiki.

Akwai tarko ɗaya a yaren C da ya kamata ɗalibi ya sani. Idan pathconf ya dawo da -1, abu biyu yake iya nufi: ko an samu kuskure, ko kuma babu tsayayyiyar iyaka a wurin. Hanyar bambancewa ita ce ka mayar da errno sifili kafin kiran. Idan bayan kiran yana nan a sifili, ba kuskure ba ne.

Game da wurin da ya rage, statvfs ne ake tambaya, kuma shi ma amsa biyu yake bayarwa. f_bfree shi ne duk wurin da babu kowa, f_bavail kuwa shi ne wanda manhajar talaka za ta iya taɓawa, domin ext4 a al'ada yana keɓe kashi biyar cikin ɗari ga mai gudanar da kwamfutar. Wanda ya karanta na farko zai zaci akwai wuri alhali an rufe masa ƙofa. Kiran yana kuma nuna yawan sababbin fayiloli da za a iya ƙirƙira, da ko ma'adanar ta koma ta karatu kawai, abin da ke faruwa idan memori ya fara lalacewa ko an ja ɗan makullin da ke gefen babban katin SD. A Windows, GetVolumeInformation zai ba ka sunan tsarin ajiyar da iyakar tsawon suna da abubuwan da tsarin ke iyawa, GetDiskFreeSpaceEx kuma ya ba ka wurin da ya rage. A Android akwai StatFs da getAvailableBytes. Da na yi ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi a 2022, na ga sunan FAT32, da na raba fayil ɗin gida-gida. Aikin da bai kai layi goma ba.

Mai fito a kogin Haɗejiya bai taɓa cewa ya san zurfin mashigi don ya ƙetare shi bara ba. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga da ta Challawa yana canza shi, ciyawar kachala tana toshe wannan hanya ruwa ya ɓalle ta waccan, wurin da aka taka da ƙafa a watan Maris yana shanye mutum a Satumba. Shi ya sa gorarsa ke taɓa ƙasa kafin ya tura jirgi. Ma'adanar da za a jona wa manhajarka gobe ba ita ce ta teburinka ba.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na yi wannan muhawara da abokan sana'a, kuma hujjoji uku suke kawowa. Ba duka ne na banza ba.

Na farko su ce zamanin filas ya wuce, a tura komai intanet a huta. Wannan maganar mai zaune a Abuja ce. A fadamar Guri ko Kiri Kasamma cikin damina, ranar da aka fi buƙatar bayanai ita ce ranar da hanya ta yanke, wuta ta ɗauke, sabis ya yi rauni. Bidiyon giga ɗaya kuɗin data ne da mai aikin sa kai zai cire daga aljihunsa. Kafin bayani ya kai intanet sai ya kwana a waya ko memori, wani lokaci mako guda. Sannan ita kanta sabar da ake tura wa tana da nata tsarin ajiya da nata iyakoki, galibi na Linux mai ƙirga bait.

Na biyu ya fi ƙarfi. Su ce tambaya ba ta da tabbas: wurin da aka ce maka akwai yana iya cika kafin ka gama rubutu, kuma amsar ma kanta tana iya ruɗarwa. Don haka ka gwada rubutawa kawai, in an samu kuskure ka kama shi. Akwai gaskiya a nan. Misali, idan ka tambayi Linux iyakar suna a kan memori mai FAT32, amsar da take bayarwa ita ce 1530, wato 255 sau shida, saboda tana lissafa mafi yawan bait da harafi ɗaya zai iya ci. Wanda ya ɗauki wannan lamba ya rubuta suna mai haruffa 300 zai sha mamaki. Amsar girman fayil ma a wasu tsarin ƙiyasi ce da aka ɗora kan nau'in ma'adanar. Kuma na yarda cewa babban zunubina a 2022 shi ne haɗiye kuskuren, ba rashin tambaya kaɗai ba. Amma wannan hujja tana nuna a yi duka biyun ne, ba a bar ɗaya ba. Kama kuskure yana gaya maka abu ya lalace bayan ka shafe minti arba'in kana kwafa da batirin da ba za a samu cajinsa ba sai gobe. Tambaya tana ba ka damar canza shiri tun kafin ka fara: ka raba fayil, ka gajarta suna, ka ce wa mai aiki ya kawo wani filas tun yana tsaye a gabanka. Rigakafi ya fi magani, amma mai hankali ba ya zubar da maganin don ya yi rigakafi.

Na uku su ce a daina wahalar da kai, a cire ƙugiyoyin, a rubuta sunaye da haruffan Ingilishi zalla. Wannan ne ban yarda da shi ba sam. Ƙasa daban, kasa daban. Ƙafa daban, kafa daban. Mutumin da ya rubuta sunan fayil ɗinsa da Hausa daidai bai yi laifin komai ba, kuma ba aikin manhaja ba ne ta gyara masa harshe don ta sauƙaƙa wa magininta. Idan manhajar ce ke ƙirƙirar sunayen da kanta, na yarda ta yi amfani da gajeren suna na lambobi, ta adana cikakken bayanin Hausa a cikin rumbun bayanai inda babu wannan matsi. Amma idan mutum ne ya ba da suna, a karɓa yadda ya rubuta, a ƙirga da ma'aunin da ma'adanar ke ƙirgawa, in ya yi tsawo a yanke a kan iyakar harafi, a bar masa wutsiyarsa ta .jpg ko .mp4, kuma a sanar da shi an yanke.

Inda tambaya ba ta isa ba

Akwai wani abu da duk wanda ya daɗe yana sayen memori a kasuwanninmu ya sani: memorin bogi. An rubuta giga 64 a jikinsa, waya ma ta nuna 64, amma ainihin abin da ke ciki bai kai haka ba. An gyara ƙwaƙwalwar katin ne ta riƙa faɗin ƙarya, kuma tsarin ajiyar da ke kansa yana maimaita ƙaryar da zuciya ɗaya. A nan statvfs zai ba ka amsar da aka ba shi. Kana zuba kaya suna shiga, sunayensu na bayyana, sai ranar buɗewa ka tarar da hotuna ba sa buɗuwa. Maganin wannan shi ne gwaji: manhajar H2testw a Windows ko F3 a Linux suna cika katin da bayanai su sake karantawa, su faɗa maka gaskiyar girmansa. A yi wannan ranar da aka sayo kati, kafin a ɗora masa amana. Kada kuma a rikita wannan da ɗan gibin da ake gani a kati na gaske: mai giga 32 yakan nuna kusan 29.8 ko ƙasa kaɗan a Windows, saboda kamfani yana ƙirga giga da bait biliyan ɗaya, ita kuwa tana ƙirgawa da 1,073,741,824.

Darasin da ke nan ga magini shi ne kalmar "An gama" alkawari ce. Kada manhaja ta furta ta sai ta tilasta an sauke bayanan a kan ma'adanar da kira irin fsync, ta sake karanta abin da ta rubuta, ta kwatanta shi da na asali ta hanyar lissafi irin SHA-256. Idan bayanan masu tsada ne, a cire filas a mayar kafin a sake karantawa, don kada kwamfuta ta karanto maka kwafin da ke ƙwaƙwalwarta. Sai bayan haka ne ya halatta a ce wa mutum ya goge na wayarsa.

Abin da nake nema

Ga ɗalibai masu koyon gina manhaja a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, da ma masu koyo a waya cikin ɗakinsu: duk lokacin da hannunka zai rubuta 255 ko 260 ko 4096 a cikin manhaja, tsaya ka tambayi kanka wa ya gaya maka, kuma a kan wace ma'adana. Ka sayi filas mafi arha, ka tsara shi da FAT32, ka mayar da shi abokin gwaji. Ka jarraba masa fayil mai giga biyar, da suna mai ƙugiya, da suna na ajami, da suna mai ɗigo biyu. Ka cika shi taf ka ga me manhajarka za ta ce. Ka zare shi ana tsakiyar rubutu.

Ga malamai: darasin buɗe fayil da rufe shi bai cika ba idan ɗalibi bai ga yadda rubutu ke faɗuwa ba. Awa ɗaya a kan pathconf da statvfs da saƙonnin kuskure irin ENOSPC na cikar wuri, da EFBIG na wuce girma, da ENAMETOOLONG na tsawon suna, za ta amfani ɗalibi fiye da ƙarin mako na zana maɓallai masu launi.

Ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar manhajar rajistar manoma, ko ƙidayar waɗanda ambaliya ta shafa, ko bayanan asibiti: kada ku karɓi aiki don an nuna muku shi a sabuwar kwamfuta cikin ofis mai sanyi. Ku sa a cikin sharuɗɗa cewa sai an gwada shi a kan irin wayar da ma'aikacinku ke riƙewa, da irin memorin da ake sayarwa a garinku, da sunayen mutanenku yadda ake rubuta su. Ku tambayi mai kwangila abu ɗaya: idan ma'adana ta ƙi karɓa, me ma'aikacina zai gani a allo, kuma da wane harshe? In ya yi shiru, aikin bai ƙare ba.

Ga mai karatu da ba ya gina manhaja: idan filas ya ƙi karɓar babban fim ko bidiyon biki alhali akwai wuri, duba tsarinsa kafin ka zargi mai shago. In FAT32 ne, kwashe kayanka zuwa wani wuri, ka sake tsara shi da exFAT, amma ka tuna tsarawa tana share komai, kuma wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota ba sa karanta exFAT. Kuma kada ka goge asali sai ka buɗe kwafin da idonka.

Na sake rubuta waccan manhaja bayan ruwa ya janye. Yanzu kafin ta taɓa hoto ko ɗaya tana tambayar nau'in tsarin ajiya, da wurin da ya rage, da iyakar suna. In ta ga FAT32 tana raba aikin zuwa ƙunshi-ƙunshi na giga ɗaya. In wani abu ya faɗi tana tsayawa, ta rubuta da jan baƙi cikin Hausa: "Ba a gama ba, kada ka goge komai." Ƙarin da na yi bai kai layi hamsin ba, kuma na gama shi a yammaci ɗaya. Ambaliya ta zo wannan kwari a 2012, ta zo a 2020, ta zo a 2022, kuma za a sake tura matasa da wayoyi su rubuta sunayen waɗanda ta shafa. Wanda zai gina musu manhaja a wannan karon ya yi wancan aikin na yammaci ɗaya tun kafin ruwa ya iso.